Littafi Goma Sha Ɗaya a Jakar 'Yar Aji Huɗu

Wata Asabar da hantsi na je gaida ƙanwata a cikin birnin Katsina, can wajen Ƙofar Marusa, na tarar 'yarta ta zazzage jakar makaranta a kan tabarma tana neman biro. Aji huɗu take a wata firamaren gwamnati. Kafin a dama mini fura na ƙirga littattafan rubutun da ta baza, goma sha ɗaya cif. Kowanne an rubuta sunan darasi a bangonsa da Turanci: lissafi, Turanci, Hausa, kimiyya, addinin Musulunci, zamantakewa, zaman ɗan ƙasa, noma, tattalin gida, kwamfuta, kiwon lafiya da motsa jiki. Na buɗe na kimiyya. Rubutu tsaf, layi bai hau layi ba, an ja wa kan darasi layi biyu da rula, ga jan biron malama a ƙasa. Darasin kan yanayin ruwa ne, yadda yake daskarewa ya zama ƙanƙara, ya kuma tashi ya zama tururi.

Na ce ta karanta mini. Ta karanta tana tuntuɓe, amma ta kai ƙarshe. Na ce to me ake nufi? Ta dube ni kamar na tambaye ta abin da ba a tambaya.

"Kawu, ai ba a ce mu san ma'ana ba. Cewa aka yi mu kwafa."

A daidai lokacin tukunyar uwarta na tafasa a madafi, tururi na ɗaga murfi, ga kuma ƙullin ƙanƙarar da aka sayo don fura tana narkewa a kwano. Duk darasin yana tsakar gidan, ita kuwa ba ta san shi ne ta cika shafi biyu da shi ba.

Tun ranar nake juya tambayar da iyaye ba mu cika yi ba. Mukan tambayi yaro na nawa ya zo, mu duba ko an ba shi aikin gida. Amma me ajin nan, da yaransa da malamarsu, suke koyo a zahiri daga Litinin zuwa Juma'a a duk waɗannan darussa?

A fara da inda darussan suka fito. Hedimasta ba shi ke zaɓarsu ba, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ma karɓa take yi. Manhajar ƙasa baki ɗaya tana fitowa ne daga hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, NERDC, da ke Sheda, a kan hanyar Abuja zuwa Lokoja. Bayan da Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004, sai aka tsara manhajar shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, aka fara aiki da ita a 2008. Darussanta sun kai wajen ashirin. Aka yi ta kukan cewa an ɗora wa yara Dala ba gammo, sai aka sake duba ta, sabuwar ta fara aiki a 2014 da darussan da ba su wuce goma ba. Sai dai an canza wa tuwo suna ne kawai. An tattara kimiyya da fasaha da motsa jiki da kwamfuta aka sa musu suna ɗaya. Aka haɗa addini da zamantakewa da zaman ɗan ƙasa da ilimin tsaro a wata rumfar. Noma da tattalin gida su ma aka aurar da su. A takarda darasi ya ragu, a aji kuwa kowane ɓangare na nan da littafinsa da jarrabawarsa. Haɗa addini da sauran darussan ma ya ta da ƙura daga Musulmi da Kirista, har a 2017 aka ba da umarnin a ware shi. Gab da buɗe makarantu a 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sake fito da wata manhajar, kuma da bakinta ta ce 'yan aji ɗaya zuwa uku suna ɗauke da darasi 13 zuwa 15, za a mayar da su 9 zuwa 10. Wato ragin da aka ce an yi shekara goma sha ɗaya kafin nan bai taɓa isa aji ba. Ko wannan zai isa, jakar da na gani dai ba ta ji labari ba tukuna.

Ni yawan darussan bai dame ni kamar abin da ke faruwa a cikin minti 35 ɗin kowane darasi ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ajin yarinyar nan sun haura tamanin, rabi a benci, rabi a ƙasa. Idan malama ta ce za ta raba lokacin darasi ga kowane yaro, kowa zai samu abin da bai kai daƙiƙa 30 ba. Idan ta ba da aiki ta ce za ta duba kowane littafi na minti ɗaya, awa ɗaya da minti ashirin sun tafi a darasi guda, ga saura na jira. Littafin karatu kuwa sau da yawa kwafi ɗaya ne, na hannunta. Duk wanda aka sa a wannan hali dabara biyu za su rage masa: ya cika allo da rubutu yara su kwafa, sannan ya faɗa su amsa baki ɗaya. Wanda ya taɓa wucewa ta bayan tagar firamare kafin a tashi tara ya san sautin: "E nawun is e nem of e fasin, animal, files o tin!" Ma'anar "noun" ke nan, wato suna a nahawun Turanci. Murya tamanin, ba kuskure, har da kari kamar waƙar gaɗa. Ka tsayar da ɗaya daga cikinsu ka nuna masa akuya ka ce wannan tana cikin abin da kuka faɗa yanzu, sai ya yi zuru.

Shi ya sa nake ganin darasi goma sha ɗayan nan, in an tace su, fasaha biyu suke koyarwa: kwafa da hadda. Malamar kimiyya kwafa, malamin noma kwafa, kwamfuta ma zanenta ake yi a allo a kwafa, da kibiyoyi masu nuna sunan kowane sashe, a makarantar da ko wayar lantarki ba a ja ba. Yaro ya fita aji shida da kyakkyawan rubutu da ƙwaƙwalwar riƙe jimla, kuma waɗannan ba abin rainawa ba ne. Amma takardar sakamako tana cewa ya ci 70 a kimiyya, alhali 70 ɗin na iya maido da abin da aka rubuta a allo ne.

Ban ɗora wa malamar laifi ba. Da yawansu NCE, shaidar malanta, suka yi a Kwalejin Isa Kaita ta Dutsin-Ma ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Katsina, a fanni ɗaya ko biyu, sai a kawo mutum aji a ce ya koyar da komai. Ga jadawalin mako-mako da masu duba makarantu ke zuwa su bincika: mako na biyar a ce an yi kaza, na shida kaza. Ba wanda ke tambaya ko yara sun gane na mako na biyu.

Tushen abin dai harshe ne, kuma aji huɗu shi ne mararrabar. Tun da daɗewa manufar ilimi ta ƙasa ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekaru ukun farko, Turanci ya zama darasi kamar sauran, daga aji huɗu a juya komai zuwa Turanci. A watan Nuwamban 2022, zamanin minista Adamu Adamu, majalisar zartarwa ta amince a tsawaita harshen uwa zuwa duk shekaru shida. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke wannan, ya ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin share fage har jami'a. Hujjarsa ita ce yankunan da suka rungumi harshen uwa su ne ke kwasar faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB.

Faɗuwar gaskiya ce, ba mai musu. Hujjar ce ke da rauni ta fuska biyu. Yaron da ya shiga aji ɗaya bayan 2022 ko firamare bai gama ba, balle a auna shi da WAEC. In kuma tsohuwar manufar ake nufi, to a nuna mini ajin gwamnati a Katsina da aka taɓa raba wa yara littafin lissafi da na kimiyya da Hausa, aka horar da malaminsu a kai, aka yi musu jarrabawa da ita. Abin da muke da shi wani abu ne na uku wanda ba wata manufa da ta rubuta shi: malami ya rubuta da Turanci, ya yi bayani da Hausa, ya yi jarrabawa da Turanci. Bayanin da yaro ya gane ya bi iska, don ba a rubuta shi ba. Rubutun da ya rage a littafi kuma bai san me ya ƙunsa ba. An soke abin da ba a gwada ba, an bar abin da ake yi yana nan daram.

Inda aka gwada da gaske, an ga abin da ya fito. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, aka koyar da wasu yara duk darussa da Yarabanci tsawon shekara shida, Turanci na zaman darasi a hannun ƙwararren malami. Yaran sun fi takwarorinsu da aka juya zuwa Turanci a tsakiya, kuma Turancin nasu bai gaza ba. Sharaɗin da akan manta shi ne an rubuta musu littattafai tun daga tushe, an kuma horar da malaman. A nan gida ma, daga 2015, shirin RANA na UNICEF ya shigo wasu makarantun Katsina da Zamfara da littattafan koyon karatu da Hausa na aji ɗaya zuwa uku. Matsalar irin waɗannan shirye-shirye ita ce suna da wa'adi, kuɗin kuma na wasu ne.

Akwai dalili na zahiri da ya sa karatu da Hausa ke saurin kama yaro, ban da cewa yana jin ta. Rubutun bokon Hausa ba ya yaudara. Wasali biyar ne, baƙi kuma abin da ya ce yau shi zai ce gobe. Yaron da ya riƙe ba, be, bi, bo, bu, ya san masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, da tagwaye irin su sh da ts, zai iya karanta duk kalmar da aka ajiye masa. Abin da rubutun ya ɓoye shi ne tsawon wasali da karin sauti, shi ya sa garin da ake zama da garin da ake tuwo suke kama ɗaya a takarda, amma mai jin harshen ba ya ruɗewa, jimla za ta faɗa masa. Turanci kuwa ka ga "one" a ce maka wan, ka ga "knife" a ce ka yi kamar ba ka ga k ba. Wani bincike da aka buga a 2003 kan harsunan Turai goma sha uku ya nuna yaran Finland da Italiya da Girka suna iya karanta kalmomi kusan ba kuskure a ƙarshen shekararsu ta farko, yayin da masu koyo da Turanci, waɗanda harshen uwarsu ne, suke buƙatar fiye da ninkin wannan lokaci. To ina ga yaron Rimi ko Ɓatagarawa da bai taɓa jin an yi hira da Turanci ba? Ana neman ya koyi yadda ake karatu, ya koyi harshen, ya kuma koyi kimiyya da shi, duk a zama ɗaya.

Na san abin da iyaye za su ce, don ƙanwata ta faɗa mini: "Yaya, Hausa ai a gida ma tana jin ta. Turancin muka kai ta ta koyo." Tana da gaskiyarta. Jarrabawar shiga makarantun tarayya irin na Daura da Bakori da Turanci ake yi, jami'a haka, takardar neman aiki haka. Ba wanda ya ce a hana yarinya Turanci. Maganar ita ce ta wace ƙofa za ta shige shi, kuma yaron da ya iya karatu a harshe ɗaya ba ya sake koyon karatu daga farko, harshen kawai zai koya.

Lissafi ne ya fi ba ni haushi, don nan asarar ta fi fitowa fili. Yarinyar nan tana taya uwarta sayar da awara da yamma. Na ce mata mutum ya sayi bakwai, kowace naira 50, ya ba ki 500, nawa ne canjinsa? Ban rufe baki ba ta ce ɗari da hamsin. Na ɗauko littafinta na lissafi, na sami tambaya irin wannan sak da Turanci, ta lemo da wani yaro, an kuma ja mata jan kuros a kai. Ta haɗa lambobin da ta gani ne gaba ɗaya, don ba ta gane me ake nema ba, ta dai san ana yin wani abu da lambobi. Wannan ba ciwon Katsina kaɗai ba ne. A shekarun 1980 an yi nazarin yara masu talla a birnin Recife na Brazil, aka tarar suna cin lissafin ciniki a bakin titi, su faɗi irinsa a takarda. Bambancinmu da su, namu har da katangar harshe a kai.

Lissafin kashi-kashi kuwa, wanda ke kayar da yara daga aji huɗu, Bahaushe ya daɗe da sunayensa: rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi. Duk gidan da aka taɓa rabon gado an ji tumunin takaba, kashi ɗaya cikin takwas da matar mamaci ke samu in ya bar 'ya'ya. Ana auna tiya da mudu a gaban yarinyar kullum, ta san rabin kwano, ta san in an raba rake gida huɗu wane ne nata. Malamin da ya fara daga nan ya gama rabin aikinsa. Amma littafin a Legas ko Ibadan aka buga shi, kuma kek ake yankawa a ciki.

Har wa yau, ƙasar nan ta taɓa fitar da masanin lissafi da ake ambata a tarihin fannin. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi ya bar Katsina ya tafi hajji, ya zauna a Alƙahira, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake gina hatimin lambobi, murabba'in da duk ta inda ka tara layinsa jimla ɗaya za ka samu. A can ya rasu a 1741. Na zana wa yarinyar gida tara a ƙasa da tsinke, na ce ta zuba ɗaya zuwa tara yadda kowane layi zai ba da 15. Ta shafe ta sake, ta shafe ta sake, har furata ta ƙare, sannan ta gano cewa dole biyar ta zauna a tsakiya. Ban taɓa ganin ta zauna wa lissafi haka ba.

Wannan ya kawo ni ga tarihi, wanda aka fitar daga manhaja a matsayin darasi mai zaman kansa na kimanin shekara goma, yanzu kuma aka ce wajibi ne tun daga aji ɗaya. Madalla. Ina fata dai kada ya zama littafi na goma sha biyu. Yaran birni suna wuce hasumiyar Gobarau kullum. Ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yana nan an mai da shi gidan tarihi, tafiyar ƙafa ce daga makarantu da dama. Yaran Daura ga rijiyar Kusugu a unguwarsu. Safiya ɗaya a ɗayan wuraren nan, a dawo a ce kowa ya rubuta jimla biyar kan abin da ya gani, an yi tarihi, an yi rubutu, an yi zamantakewa, ba a sayi komai ba.

Faransanci ma yana cikin manhaja daga aji huɗu, sai dai ba shi cikin jakar, don ba malami. Abin dariya ne a garin da Maraɗi ta fi Kano kusa da shi. Su kuma can Nijar, a 2025 suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, shekarar da mu muka fitar da ita daga bakin malami.

Akwai makaranta ta biyu a rayuwar yarinyar da jadawalin Abuja bai san da ita ba. Da la'asar tana Islamiyya, ƙaninta kuma yana makarantar allo a zauren unguwa, Asabar zuwa Laraba. Can ma hadda ake yi, can ma da harshen da yaro ba ya ji, kuma ba na cewa a kwaso tsarin dungurungum. Amma akwai ƙa'ida ɗaya da boko ya rasa. Yaro yana fara babbaƙu, in ya riƙe su ya shiga farfaru, sannan a fara yi masa rubutu. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Ba a wanke allo sai an biya wa malam ya gamsu. Yara arba'in a zaure ɗaya, kowa a wurinsa daban, kuma malam ya san inda kowa yake. A boko allo ɗaya ne na kowa, monita ke goge shi in an kaɗa ƙararrawa, ko an gane ko ba a gane ba. Ƙarshen shekara a kwashi aji duka a tura gaba. Haka wanda bai haɗa baƙi da wasali a aji biyu ba zai iske kansa a aji biyar yana kwafar tsarin narkewar abinci a cikin ciki.

Gyaran da nake gani ba ya jiran sabuwar manhaja. Hedimasta zai iya ɗaukar mako ɗaya a farkon zango, a kira yara ɗaya bayan ɗaya, a miƙa wa kowa gajeren labari da Hausa a ce karanta. A ware waɗanda ba su san baƙi ba, da masu haɗa gaɓa, da masu karanta jimla, a ba su awa ɗaya kowace safiya bisa matsayinsu, ba bisa ajinsu ba. A Indiya aka fara wannan tsari, ƙungiyar Pratham ta yaɗa shi, an kuma gwada shi a wasu jihohin Arewa. Duk wanda ya yi makarantar allo ba zai ga baƙon abu a ciki ba. Farashinsa shi ne wasu darussan za su rasa lokaci, kuma sai mai duba makarantu ya yarda ya ga an tsallake mako na biyar bai rubuta takardar tuhuma ba. A nan ne nake ganin zai yi wuya.

Kafin in tashi na karɓi littafin kimiyyar, na kira ta madafi, na sa ta riƙe murfin tukunya mai sanyi a saman tururi. Ɗigon ruwa ya taru a cikinsa ya fara gangarowa. Na ce daga ina wannan ruwan ya fito? Ta ce tururin ne ya koma ruwa. Na nuna mata doguwar kalmar Turancin da ta kwafa a shafi na biyu, na ce sunansa ke nan. Ta dubi kalmar, ta dubi murfin, ta ɗauki biron da ta samo a ƙarƙashin tabarma za ta rubuta Hausar a gefe, sai ta tsaya.

"Kawu, in Malama ta gani fa? Ta hana a yi Hausa a littafin Turanci."

Na ce ta rubuta da fensir.